Hoto Ya Fi Mai Shi Kyau: Yadda Gyaran Hotuna Ke Sauya Ma'aunin Kyau a Sakkwato

Labarai biyu da suka fito kusan a jere sun sa mutane da dama sun ɗauka an haramta filta ke nan. A watan Nuwamban 2024 kamfanin TikTok ya sanar cewa zai hana 'yan ƙasa da shekara 18 amfani da filtocin da ke sauya kamannin fuska. Ranar 14 ga Janairun 2025 kuma kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya rufe dandalinsa na Spark, inda mutanen waje ke ƙera nasu filtocin, ya sauke duk waɗanda suka ƙera. Amma wanda ya leƙa hotunan biki a unguwannin Mabera ko Arkilla da ke Sakkwato zai ga babu abin da ya ragu. Fuskar amarya sumul kamar an goge tangaran, ƙawayenta kuwa duk launi ɗaya, hanci ɗaya, sai ka ce uwa ɗaya ta haife su.

Dalili shi ne abin da aka taɓa bai taka kara ya karya ba. Meta ya bar filtocin da shi da kansa ya ƙera. TikTok bai hana na wasa ba, irin masu sa wa mutum kunnen zomo, kuma matakin nasa ya dogara ƙwarai da shekarun da yaro ya rubuta ranar da ya buɗe shafi. Uwa uba, yawancin gyaran da ake gani a garin nan an gama shi tun kafin hoto ya isa waɗannan dandali.

Abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya

Idan aka ce an yi wa hoto editin, ana iya nufin ɗaya daga abubuwa uku, kuma cakuɗa su ne ke sa gardamar ta ƙi ƙarewa.

Na farko gyaran haske da launi. Kyamara ba ta gani yadda ido ke gani. Tana auna hasken da ke cikin hoto gaba ɗaya ne, ta nemi tsaka-tsaki. Baƙin mutum da ya sa farar shadda ya tsaya a rana, kyamara za ta rage haske don kada shaddar ta ƙone, sai fuskarsa ta fito duhu fiye da yadda take. Mai hoton da ya ɗago hasken fuskar ya mayar da ita yadda ido ya gan ta gyara kuskure ya yi, ba wani abu ya ƙirƙira ba.

Na biyu gyaran fata da sura: goge ƙuraje da tabo, share duhun ƙarƙashin ido, rage faɗin hanci, tsuke ƙugu, ƙara cika inda ake so. Wannan aiki ya girmi kwamfuta, don tun zamanin fim masu hoto ke gyara da fensir da buroshi. Fitowar manhajar Photoshop a 1990 ce ta mayar da shi aikin mintuna, sannan Facetune da ire-irenta, tun daga 2013, suka sauko da shi cikin waya.

Na uku shi ne filta, wanda ke aiki nan take, mutum na kallon kansa a allo yana ganin fuskar da aka riga aka sauya. Snapchat ya yaɗa shi daga 2015. Na farko-farko mayafi ne kawai da aka ɗora kan fuska, da ka gifta hannu sai ya zame, asiri ya tonu. Wanda TikTok ya fitar a farkon 2023 mai suna Bold Glamour ya sha bamban: da ƙirƙirarriyar basira yake sake zana fuskar, ko an goga hannu a ido ba ya motsi. Daga nan bidiyo ya daina zama shaida.

Inda ake taɓa hoto, mataki-mataki

Sauyin farko yana faruwa ne babu wanda ya nema. Kyamarar gaba ta waya tana da faɗin gani, ana kuma riƙe ta kusa da fuska, don haka abin da ya fi kusa da ita, wato hanci, shi ke kumbura. Wani bincike da likitan gyaran fuska Boris Paskhover na Jami'ar Rutgers ta Amurka da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya lissafa cewa hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana nuna hanci ya fi faɗi da kusan kashi 30 cikin 100, idan aka gwada da wanda aka ɗauka daga mita ɗaya da rabi. Ke nan yarinyar da ke ganin hancinta ya cika faɗi a hoton ɗauki-da-kanka ba hancinta take gani ba, aikin kusancin kyamara da fuska ne. Sai ta ɗauko filta ta gyara aibin da wayar ce ta ƙaƙaba mata.

Mataki na biyu yana cikin wayar. Wayoyi da yawa suna zuwa da tsarin ƙawata fuska a kunne a kyamarar gaba, da ma'aunai daban-daban na santsin fata, haske, girman ido da tsukewar haɓa. Ko an kashe su, waya tana haɗa hotuna da dama ne cikin ƙiftawar ido ta fitar da ɗaya, tana goge dishi-dishin da ƙarancin haske ke kawowa, kuma tare da shi take goge ƙananan ramukan fata. A ɗaki mai ƙarancin haske, wanda ba baƙon abu ba ne a garin da ake yawan ɗauke wuta, gugar ta fi tsanani. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya ci kasuwar Afirka ne da tallar cewa kyamarorinsa sun iya ɗaukar baƙar fata. Hakan ya magance matsala ta gaske, sai dai iyakar da ke tsakanin fito da fuska sarai da haskaka ta siririya ce, kuma mai waya bai san inda aka ja ta ba. Google ya kashe gyaran fuska na kai-tsaye a wayoyinsa na Pixel a 2020, ya bar wa mai so ya kunna da kansa.

Mataki na uku shi ne situdiyo, inda ake yin hoton kafin aure da na dina. Aikin yana farawa tun kafin a danna: mai kwalliya ta shafa hodar da ta fi fatar haske, ta zana duhu a gefen hanci biyu da haske a doronsa, a kunna fitila mai laushin haske daga gaba don inuwa ta ɓace. A kwamfuta kuma ƙwararre yakan raba hoton gida biyu, launi daban, saƙar fata daban. A ɓangaren launi yake daidaita inda ya yi duhu da inda ya yi ja, a ɓangaren saƙa ya ɗauke ƙuraje ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya bi fuskar da buroshi mai rauni, yana haskaka goshi da kunci da doron hanci, yana duhunta gefen muƙamuƙi. Ya ƙara farin ido da na haƙori. Idan an nemi gyaran sura, akwai abin da ake kira Liquify, wanda ke ture sassan hoto kamar ana murza kwaɓaɓɓen fulawa. Hoto guda na iya cin rabin sa'a ko fiye a hannun mai kulawa.

Biki kuwa hotuna ɗaruruwa ne, kuɗin aikin bai kai a zauna kan kowanne ba. Sai a ɗauko saiti guda da aka adana a zuba wa dukkansu. A nan ne ƙawaye ke komawa launi ɗaya, domin saitin bai san wankan tarwaɗa da baƙa ba, inda aka ce ya kai kowa nan zai kai ta. Akwai kuma dalilin sana'a da ba a cika faɗa ba: allo haske yake fitarwa, takarda kuwa sai an haska ta, don haka hoton da ya yi daidai a kwamfuta yakan fito da duhu idan an wanke, masu hoto sukan ƙara haske tun da wuri. Kan wannan ƙarin ne mai biki zai sake cewa a ƙara masa kaɗan.

Me ya sa gyaran ke fuskantar gefe guda

Da gyaran hoto son rai ne kawai, da an ga masu neman a ƙara musu duhu. Ba a gani. Kusan kullum alƙibla ɗaya ce: fata ta yi haske, hanci ya tsuke, ido ya girma.

Ba waya ce ta kawo wannan ba. Bahaushe ya daɗe da kalmominsa na yabo, dogon hanci, dara-daran idanu, wushirya, dogon wuya, kuma karin nan na zamani, "fara ko mayya ce", ya riga filta zuwa. A ƙasar Sakkwato, inda Hausawa da Fulani da Buzaye suka cakuɗu shekaru aru-aru, an daɗe ana jingina hasken fata da asali da hutu. Finafinan Indiya da aka fara nunawa a silimun Arewa tun shekarun 1950 sun ƙara nasu, littattafan soyayya suka ɗora, inda da wuya a sami tauraruwar da ba fara ba ce mai gashi har gadon baya. Amma a da akwai yabon baƙa mai sheƙi, akwai na wankan tarwaɗa, kuma kyakkyawar da ake misali da ita mutum ce da ake gani a unguwa, da zufarta da ƙurjinta.

Su ma na'urorin da nasu gadon suka zo. Shekaru da dama kamfanin Kodak yana daidaita launin hotuna ne da katin da ke ɗauke da hoton Baturiya. A 2017 manhajar FaceApp ta nemi afuwa bayan an gano cewa filtarta ta "ƙara kyau" haskaka fatar baƙaƙe take yi, kamfanin ya ce laifin hotunan da aka horar da ita da su ne. A shekarar dai 'yar fim Lupita Nyong'o ta fito ta soki mujallar Grazia ta Ingila saboda an goge mata gashinta na asali a bangon mujallar.

Wani abu da ya keɓanta da gari irin namu: mace a hoto galibi cikin hijabi ko mayafi take, fuska da hannu kaɗai ke waje. Duk nauyin da a wasu ƙasashe ake rabawa tsakanin gashi da jiki da sutura, a nan kan tafin fuska yake sauka. Su ne kuma sassan da rana ke duka, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin bazara, hunturu kuma ya bi su da bushewa da ƙura. Tazarar da ke tsakanin fuskar allo da fuskar madubi ta fi faɗi a nan.

Maza ba su tsira ba. Fastocin 'yan takara da ke cika bangon gari lokacin zaɓe sun isa misali: dattijon da ya ba sittin baya, babu tamoji ko ɗaya a goshinsa.

Abin da bincike ya nuna, da inda masana suka saɓa

Tushen bayanin tsoho ne. A 1954 masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger ya bayyana cewa mutum yana auna kansa ne da waɗanda yake ganin sa'o'insa ne. Tauraruwar mujalla nesa take, ana iya cewa ai ita daban ce. 'Yar ajinku da kuka yi Islamiyya tare ba nesa take ba. Wanda ya fi kowa kusa kuwa shi ne kai kanka bayan an gyara ka.

Masu bincike a Jami'ar Radboud ta ƙasar Holan sun gwada wannan da 'yan mata 144 masu shekara 14 zuwa 18. An nuna wa wasu hotunan Instagram na asali, wasu kuma aka nuna musu hotunan nan dai bayan an gyara. Waɗanda suka ga gyararrun sun fi nuna rashin gamsuwa da jikinsu, musamman masu yawan gwada kansu da wasu. Abin lura, gyaran sura bai faye bayyana gare su ba, sun ɗauki hotunan a matsayin na gaske. A 2021 kuma takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fitar sun nuna kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya sun ce idan suna jin ba daɗi game da jikinsu, Instagram na ƙara musu. Kamfanin ya ce an yi wa binciken gurguwar fahimta, kuma a fannoni da dama matasan sun ce dandalin taimaka musu yake.

Ɗaya ɓangaren yana da hujjarsa. Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun tace bayanan dubban ɗaruruwan matasa a 2019, suka ga amfani da na'urori bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin 100 na bambancin walwalarsu ba. Akwai kuma tambayar wanne ya riga wani: filta ce ke sa mutum ya tsani fuskarsa, ko wanda ya riga ya tsane ta ne ke yawan neman filta? Abin da ya fi kusa da daidai shi ne tasirin ƙarami ne a kan yawancin mutane, babba a kan 'yan kaɗan, kuma matsakaicin lissafi yana ɓoye waɗannan 'yan kaɗan ɗin. Cikinsu akwai masu wata lalura da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, inda mutum ke shafe sa'o'i kullum yana damuwa da wani aibi a jikinsa da wasu ba sa ma gani. Ana ƙiyasta ta shafi kusan mutum 2 cikin 100. Alamunta sun haɗa da yawan duba madubi ko guje masa gaba ɗaya, ƙin shiga taro, da ƙin yarda a ɗauke shi hoto da wayar wani. Ana maganinta, kuma irin aikin Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware ne, ba na mai kwalliya ba.

Dole a yi hattara wajen ɗauko waɗannan sakamako a dasa a nan. Yawancinsu kan son rama aka yi su, alhali a ƙasar Hausa ramammiya tausayinta ake ji, a tambaye ta ko lafiya. Matsin da ke nan na haske ne da cika.

Daga allo zuwa fata

Wanda ya saba da fuskarsa mai haske a waya, kuma aka saba yaba masa a kanta, wata rana zai so madubi ya yarda da wayar. Kasuwa ta tanadi hanya.

Alƙaluman da aka fi ambata su ne na wata takardar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011, cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da man bilicin. Da su hukumar NAFDAC ta kafa hujja a farkon 2023, lokacin da shugabarta Farfesa Mojisola Adeyeye ta kira lamarin matsalar lafiya ta gaggawa. Sai dai asalin adadin wani bincike ne da aka yi tsakanin 'yan kasuwa a Legas a farkon shekarun 2000, don haka ba ma'aunin matan Sakkwato ba ne. Ya kuma nuna cewa bilicin ya riga filta. Abin da filta ta ƙara shi ne samfuri: yanzu mace na iya nuna wa mai haɗa mai hotonta ta ce ga launin da take so. Masu sayarwa su ma da ita suke talla, hoton "kafin" a duhun ɗaki babu kwalliya, hoton "bayan" a gaban fitila da filta.

Sinadarai uku ne suka fi yawa a cikin waɗannan mayuka. Haidirokwinon yana hana fata sarrafa sinadarin da ke ba ta launi. NAFDAC ta taƙaita shi a kashi 2 cikin 100 a kayan shafa, likitoci kan ba da mai ƙarfin kashi 4 na 'yan watanni don tabo, sannan a dakata. Idan aka ɗauki shekaru ana shafawa ana shiga rana, sai ya juya: kunci da gefen ido su yi baƙi-baƙi mai shuɗi, tabon da ke da wuyar fita. Na biyu sitiroyid ne, irin su kulobetasol da betametason, magungunan ciwon fata da ake matsewa cikin man shafawa. Suna haskakawa da sauri cikin makonni, shi ya sa ake son su. Bayan nan fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito a hannu da cinya, ƙuraje da makero su samu wuri, rauni ya ƙi warkewa, ɗinkin tiyata ya ƙi kamawa. Idan ana shafe jiki duka, maganin na shiga jini ya jawo hawan jini da ciwon suga. Na uku sinadarin makuri, wato zaiba, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, yana ratsawa zuwa ɗan tayi da ruwan nono, yana kuma manne wa tawul da zanin gado ya shafi wanda bai shafa ba. Yarjejeniyar Minamata, ta ƙasashen duniya kan wannan sinadari, ta fara taƙaita shi, a 2023 kuma ƙasashe suka amince a hana shi gaba ɗaya a kayan shafa bayan 2025.

Gaɓoɓin yatsu da gwiwar hannu da idon sawu ba sa bin sauran jiki, fatarsu ta fi kauri, sai su rage baƙi. Mai hoto ne kuma zai goge su. Haka abin ke zagayawa: hoto ya tura mutum ga mai, mai ya ɓata fata, fatar ta ƙara buƙatar gyaran hoto.

Ta ɓangaren cika kuma akwai sha-ka-fashe, wanda galibi haɗin dezametason ne da sifirohebtadin. Na biyun maganin ƙaiƙayi ne mai buɗe ciki da sa barci. Na farkon sitiroyid ne, kuma ba inda hoto ya nuna yake kai ƙiba ba: fuska ce ke kumbura, da ciki da bayan wuya, hannu da ƙafa su sirance. Wanda ya daɗe kan sitiroyid, na sha ko na shafawa, haɗari ne ya yanke rana ɗaya, domin jiki ya rage sarrafa nasa. A hankali ake janyewa a ƙarƙashin kulawar likita, irin waɗanda ake samu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Dilka da halawa da kurkum da ake yi wa amare wani abu ne daban, dattin fata da gashi suke cirewa su bar ta da sheƙi na ɗan lokaci. Matsala na shigowa ne idan an zuba musu waɗancan sinadarai ba a faɗa ba.

Masu hoto, malamai da masu neman aure

Masu sana'ar suna cewa abin da aka biya su suke yi, wanda ya ƙi gyarawa gobe ba za a kira shi ba, kuma ranar biki kowa ado yake yi, hoto ma adonsa ke nan. 'Yan mata da yawa suna ganin filta hoda ce da ba ta cin kuɗi, ba ta kuma ɓata fata, kowa ya san da ita, don haka babu wanda aka yaudara. Maganar tana da ƙarfi a inda kowa ya sani ɗin.

Tana raunana a wurin neman aure, inda yanzu hoto ke riga mutum isa, ta hannun 'yan uwa ko masu dalilin aure. Malamai kan kawo hadisin da Annabi (SAW) ya umarci Mugira ɗan Shu'uba ya je ya ga matar da yake nema, domin hakan ya fi sa a daidaita, kuma a mazhabar Malikiyya fuska da tafuka ne aka ba da izinin gani. Hoton da ya sauya waɗannan biyun ya rushe manufar ganin. A nan hadisin da ke cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu ya fi dacewa da batun, kuma ya hau kan namijin da ya aika hoton da aka cike masa sanƙo kamar yadda ya hau kan mace. Ayar Suratun Nisa'i da ke maganar sauya halittar Allah kuwa an fi kawo ta kan abin da ya taɓa jiki da kansa, kamar bilicin. Ko ta shafi hoton da bai taɓa jiki ba, wannan wuri ne da ake samun saɓani.

Dokar lakabi da iyakarta

Faransa ta wajabta tun Oktoban 2017 a rubuta a jikin duk hoton talla da aka sauya surar mai tallar cewa an gyara shi, da tarar da ta kai Yuro 37,500. Norway ta bi sahu a Yulin 2022, ta haɗa da masu talla a shafukan sada zumunta. A Ingila hukumar kula da talla ta hana wasu tallace-tallacen hoda biyu a 2011, ɗaya da fuskar Julia Roberts, saboda gyaran ya wuce abin da hodar za ta iya yi. A Najeriya dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da talla ta ARCON ta ce a tantance talla kafin a fitar, har da na intanet, dokar kare masu saye ta 2018 kuma ta hana tallar yaudara. A takarda, hoton "kafin da bayan" na ƙarya ya faɗa ciki. A aikace, mai haɗa mai a ɗakinta tana tallarsa a sitatus ɗin WhatsApp ta yi wa hukuma nisa.

Ko da an kafa dokar lakabi, gwaje-gwajen da Marika Tiggemann ta Jami'ar Flinders a Ostireliya da wasu suka yi sun nuna rubuta "an gyara" ba ya rage rashin gamsuwar mai kallo, wani lokaci ma yana jan idonsa ne zuwa wurin da aka gyara. Ido yana gama gwadawa kafin hankali ya karanta gargaɗi. Amfanin lakabi ya fi bayyana wajen kare mai saye daga yaudara.

Abin da ido zai iya kamawa

Gyaran sura yana jan abin da ke bayan mutum, don haka a duba ƙofa, layin tayil ko labule kusa da ƙugu da haɓa, a ga ko sun lanƙwashe. Gyaran launi yakan manta kunne, wuya da bayan hannu. Fatar gaske tana da ramuka da ƙananan gashi idan aka zuƙo hoton, tana da inuwa ƙarƙashin hanci da leɓe. Bakin hijabi da ya yi hazo-hazo inda ya haɗu da kunci alama ce ta an tsuke fuska. Waɗannan duka suna kama aikin gaggawa ne, na ƙwararre da na sabbin manhajoji sukan wuce.

A waya, ana shiga kyamarar gaba a nemi alamar fuska ko ta sandar tsafi, a mayar da kowane ma'auni sifili, a kuma duba cikin TikTok da Snapchat daban, don nasu saitin ba ya bin na waya. Hoton da aka ɗauka da kyamarar baya daga mita ɗaya da rabi, a inuwa mai haske, shi ya fi kusa da abin da mutane ke gani. A wurin mai hoton biki kuwa, ana iya yin sharaɗi tun farko: a cire abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu, kamar ƙurji, a bar abin da yake na dindindin, a kuma ba da na asali tare da gyararrun.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi muhimmanci ga tsofaffin hotuna. Manhajoji irin su Remini, da ake kai wa hoton kaka don ya fito tar, ba tono abin da ya dushe suke yi ba, cike gurbin suke da abin da suka koya daga wasu fuskoki. Tsagar Gobirci ko ta Kabanci da ke kuncin tsoho a hoton da ya sha shekaru tana iya zame musu kamar karcewar takarda, su shafe ta ko su dusashe ta, su kuma ɗan gyara hanci da ido. Jikokin da ba su riski mai hoton ba za su rataye shi a falo, su ce ga kakanmu Bagobiri, fuska sumul babu zane ko ɗaya.